Fatsar Tsufa a Bakin Tabkin Gidimuni

Ritaya baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Manomi ba ya ajiye hauya don ya cika wasu shekaru. Ƙarfinsa ne ke raguwa sannu a hankali, ƴaƴansa su karɓi gandu, shi kuma ya koma ga gayauna da ba da shawara. Maƙeri in hannunsa ya gaza da masaba, yakan zauna gefen maƙera yana duban zugazugi, kuma ba a yanke wata shawara sai an waiwaye shi. Haka majemi, haka masaƙi, haka malamin allo, wanda almajirai ba sa barin zaurensa sai ranar da aka ɗauke shi zuwa makwancinsa. Ma'aikacin gwamnati kaɗai ake miƙa wa takarda mai hatimi, a ce masa daga ranar kaza an sallame shi. Wannan al'ada ta shigo tare da Nasara, da ofis da albashi, amma ta zo ba tare da amsar tambayar da ta haifar ba: mutumin da ƙararrawa ta yi shekara 30 tana tashinsa, me zai tashe shi gobe?

A cikin ma'aikata, malamin makaranta ya fi kowa jin zafin wannan tambaya, domin shi aikinsa duka a cikin mutane yake. Ya saba da idanun yara 60 a kansa tun safe, ya saba da a miƙe in ya shigo, ya saba da ƙurar alli a hannun riga. Ranar da aka sallame shi, ya rasa aji, ya rasa abokan hira, ya rasa dalilin goge takalmi, duk a lokaci guda.

Haka ta faru ga wani tsohon malami da ya koma garinsu, Gidimuni, bayan ya koyar da Faransanci a makarantu daban-daban na jihar Damagaram. Mutanen gari ba su taɓa kiransa da sunan yanka ba. Yaro da babba Mushe suke ce masa, kamar yadda ake kiran malaman boko a Nijar, don haka a nan ma da wannan suna za a bi shi.

Gidimuni tana kimanin kilomita 70 gabas da birnin Damagaram, a kan babbar hanyar da ta bi ta Mirya ta nufi Gure da Difa. Matafiyin da ya gaji da ganin rairayi da ƙaya yakan yi mamaki in ya hango ta: kwari ne a tsakanin tuddai, cike da dabino da rake da rogo da kayan lambu, ga tabki shimfiɗe a tsakiya, wanda idanun ruwa ke ciyarwa daga ƙarƙashin ƙasa. Wannan ni'ima ba ta yau ba ce. A watan Disamba na 1852, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa ta wurin a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya rubuta sunan garin da Badamuni, ya kuma ba da labarin maɓuɓɓugai da lambuna da ruwa kashi biyu, ɗaya mai daɗi, ɗaya mai kanwa. Mushe ya san wannan labari, ya sha faɗa wa ɗalibai shi, amma shi kansa ya yi shekaru bai taka bakin tabkin ba sai dai ya hango shi ta tagar mota.

Shekararsa ta farko a gida ta tafi a majalisa. Da hantsi a shimfiɗa tabarma a gindin bedi, a kunna rediyo, a tattauna siyasar Yamai da farashin hatsi da jinkirin fansho. In inuwa ta juya a ja tabarma a bi ta. Majalisa tana da daɗinta, kuma ba ƙaramin aiki take yi ba wajen sasanta rigima da haɗa aure da raka gawa. Sai dai ba ta neman kome daga mutum. Wanda ya zo an gode, wanda bai zo ba gobe ma rana ce. Mushe ya fara ƙiba, ƙafafunsa suka fara nauyi, barci ya ƙaurace masa da dare ya dawo masa da rana. Maiɗakinsa ce ta fara lura cewa ya daina aske gemu ranar Litinin, abin da bai taɓa fashi ba tun aurensu.

A wannan hali wasiƙu suka ci gaba da zuwa daga wani Bafaranshe da suka koyar tare a Damagaram tun suna samari, wanda shi ma ya yi ritaya ya zauna kusa da San Malo, a gaɓar arewa maso yammacin Faransa. Da can ta gidan waya suke zuwa, daga baya suka koma hotuna ta wayar salula. Kusan duk labarinsu ɗaya ne: teku da ƙungiyar masu fatsa.

Ga wanda aka haifa kusan kilomita 1000 daga teku mafi kusa, abin da ke cikin wasiƙun kamar tatsuniya yake. A can ruwa yakan ciko ya janye sau biyu a kwana ɗaya, saboda jan da wata ke yi masa, kuma a San Malo tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa takan kai mita 12 a manyan ranaku. Manyan ranakun nan kuwa suna faɗowa ne kusa da tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wannan ya ba Mushe dariya, ganin cewa Nasaran da ba su san lissafin watan sama ba a kalandarsu, tsofaffinsu na bakin teku sun fi liman kula da shi. Kowane ɗayansu yana da ɗan littafin lokutan ruwa a aljihu, da shi yake sanin ran da zai tura kwalekwale da ran da zai bi rairayi da ƙafa yana tsintar abin da teku ta bari.

Ƙungiyar kuwa an kafa ta ne bisa dokar ƙungiyoyi ta Faransa ta 1 ga Yuli 1901, wadda ta ba mutum biyu ko fiye damar haɗuwa kan wata manufa da ba ta neman riba ba. Suna da shugaba da magatakarda da ma'aji, suna biyan kuɗin shekara, suna babban taro sau ɗaya, suna da rumfa a bakin tashar jirage inda ake gyaran kaya da shan gahawa. Hukuma ta ɗora musu sharuɗɗa masu tsanani. An hana su sayar da abin da suka kama. Tun 2011 wasu nau'o'in kifi dole a datse musu gefen wutsiya da zarar an kama, don kada su ɓulla a kasuwa. Kifin da suke kira bar, mai kama da giwan ruwa, in bai kai santimita 42 ba a wannan gaɓa sai a mayar da shi ruwa. Ranar da babu makaranta sukan koya wa yara ƙulli da sunayen kifaye, su kuma fita tsintar leda a bakin ruwa.

Abin da ya tsaya wa Mushe a rai bai shafi kifi ba. A wata wasiƙa abokin ya ba da labarin wani tsohon direban jirgin ƙasa, wanda matarsa ta rasu, yake zaune shi kaɗai. Wata safiya bai zo rumfa ba alhali shi ke riƙe da mabuɗi, sai mutum biyu suka tafi gidansa, suka tarar ya faɗi a ɗaki, suka kai shi asibiti. Mushe ya karanta wurin sau uku. Ya gane cewa tsofaffin nan sun ƙirƙira wa kansu ƙararrawa: wani na jiran mabuɗi, wani na jiran koto, ruwa kuma ba ya jiran kowa.

Bayan sallar Asuba wata Laraba, ya ɗauki gora mai tsawo, ya ɗaura mata zaren roba da ƙugiya da totuwa, ya haƙo tana a bakin rijiyar lambu, ya gangara tabki.

Kafin Azahar labari ya gama gari. A ƙasar Hausa su sana'a ce ta gado, tana da mutanenta da shugabanninta da asiranta. Fatsa kuwa wasan yara ce, ko dabarar wanda cefane ya gagara. Babu gurbi a tsakani da za a ajiye dattijo mai fansho, mai ƴaƴa a Yamai, zaune a kan turɓaya yana kallon totuwa. Wasu suka ce fansho ya tsaya. Wasu suka ce boko ne ya taɓa shi da tsufa. Maiɗakinsa ta tare shi a tsakar gida, ta ce, "Malam, in kifi kake sha'awa ai sai a aiki yaro kasuwa. Yau har gidan suna an tambaye ni ko lafiya." Ya ce, "Lafiyar ce nake nema, Hajiya." Ta dubi ƙananan karfasa biyu da ke cikin bokiti, ta ce, "To, Allah ya sa a same ta, don waɗannan ko kyanwa sai ta yi ƙorafi."

Surutun gari mai wucewa ne. Maganar da ke da nauyi ta fito daga masunta. A mako na biyu dattijonsu, wanda ya girme wa Mushe da kusan shekara 10, ya same shi a bakin ruwa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan ya tsuguna ya ce, "Mushe, kai gwamnati na biyanka kana kwance. Mu wannan ruwa shi ne gonarmu. Yau kai ɗaya ne. Gobe in abokanka suka biyo ka, jibi kuma masu mota daga birni, ƴaƴanmu su ci me?" Mushe ya ce, "Baba, gaskiyarka. Ban zo cin gonarku ba. Ku gaya mini inda zan zauna da inda ba zan zauna ba."

A nan ne hanyar Gidimuni ta rabu da ta San Malo. Tsohon da ke fatsa a Faransa yana da fansho mai isarsa da inshorar lafiya, teku kuma mai faɗi ce. A tabkin da bai fi ƴan ɗaruruwan hekta ba, kowane kifi yana da wanda ke jiransa da tukunya. Dokar kamun kifi da Nijar ta kafa a 1998 ta ambaci izinin fatsar nishaɗi a gefen na kasuwanci da na bincike, amma abin da takarda ta halatta ba lalle ba ne zumunci ya halatta shi. Nishaɗin mai ƙoshi a cikin abincin mai yunwa yana bukatar ya biya wani abu, in ba haka ba ya zama cin fuska.

Sai suka yi yarjejeniya ta baka. Ƙugiya ɗaya ga mutum ɗaya. Ba a sayarwa. Ba a zama inda aka shimfiɗa raga ko aka ja mamari. Ƙaramin kifi a mayar da shi. Abin da ya wuce na miyar gida a kai wa marayu ko mara lafiya. A madadin haka dattijon ya yarda da abin da Mushe ya roƙa, wato ya riƙa zama da shi yana amsa tambayoyi.

Ta haka malamin da ya yi shekara 30 yana tambaya yara na amsawa ya koma ɗalibi. Ya koyi bambancin homa da taru da birgi, da yadda ake jera ƙugiyoyi a igiyar mamari. Ya koyi cewa tarwaɗa ta fi cin koto da almuru, da gashin bakinta take lalube a cikin laka, kuma tana iya shaƙar iska in ruwa ya yi ƙaranci. Ya koyi cewa uwar karfasa a baki take ɗauke da ƙwanta har su ƙyanƙyashe, don haka wanda ya kama ta a wannan lokaci ya kashe ɗaruruwa da hannu ɗaya. Ya ji labarin gaiwa, wadda in tabkunan daji suka ƙafe takan nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni tana numfashi ta ɗan rami har ruwan sama ya jiƙa ƙasa. Da ya ji wannan sai ya yi shiru, ya ce ashe shekara guda ya yi yana zaman gaiwa a gindin bedi. Duk abin da aka gaya masa yana rubutawa a littafi, Hausa a hannun dama, Faransanci a hagu, kuma sau da yawa shafin hagu yakan zauna fari, domin kalmar ba ta da takwara a ƙamus ɗin da ya mallaka.

Ba a daɗe ba wasu suka biyo shi: wani tsohon majo na asibiti, wani tsohon soja, wani da ya yi aikin gidan waya, da malamai biyu. Suka sa ranaku uku a mako. Suka ajiye asusu, kowa na zuba ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, na shayi da ƙugiya da gaisuwar mara lafiya. Majo ya ɗauki nauyin awon jini ga kowa ranar Juma'a, soja ya zama mai kula da lokaci, kuma ba ya sassauci. Wanda bai zo ba, kafin a naɗe zare an aika a dubo shi. An yi gardama kan ko a rubuta ƙungiyar a hukuma. Wasu na ganin takarda za ta ba su murya a gaban magajin gari da ma'aikatan gandun daji, wasu na tsoron ranar da aka ce shugaba da ma'aji, ranar ce rigima za ta shigo. Har yanzu wannan gardama na cikin abubuwan da ke ɗumama shayinsu.

Akwai kuma giɓin da ba su rufe ba. A hotunan San Malo ana ganin mata cikin rigar ruwa suna riƙe da gora. A bakin tabkin Gidimuni babu mace ko ɗaya a cikinsu, alhali malamai mata da ungozomomi su ma suna ritaya, su ma ƙararrawarsu tana yin shiru. Bikin suna da na aure da adashi suna rage musu kaɗaici, amma iliminsu yana zaune a ɗaki ba mai tambaya.

Wanda ya zauna wuri ɗaya sau uku a mako yakan ga abin da mai wucewa ba ya gani. Tsofaffin suka lura da yadda kacalla ke cin bakin ruwa shekara bayan shekara, tana toshe hanyar kwalekwale, tana ba tsuntsaye masu ɓarnar hatsi mafaka. Suka lura da rairayin da iskar hunturu da ruwan damina ke gangarowa da shi daga tuddan da aka sare wa itatuwa. Suka ji ƙarar injunan ban ruwa na ƙaruwa a lambuna. Suka ga yara na jan ƙananan kifaye da tsohon gidan sauro. Masunta sun riga su sanin duk wannan, sai dai saninsu a ka yake, kuma in baƙo ya zo daga birni da mota yana tambaya, abin da ke rubuce kawai yake ɗauka da muhimmanci. Don haka Mushe ya kafa turke a cikin ruwa, ya yi masa zane-zane, duk Juma'a ana duba inda ruwa ya tsaya a rubuta, tare da irin kifin da aka gani da ranar da tsuntsayen ƙetare suka sauka da ranar da suka tashi.

Wannan ɗan littafi yana da daraja fiye da yadda ake zato. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san cewa ruwa na iya tafiya. Tabkin Cadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu zuwa ɗan kaso kaɗan cikin shekara 20. A watan Disamba na 2019 an sa tabkin Gidimuni, tare da na Madarumfa, cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971. Abin alfahari ne, amma suna a jerin duniya ba ya sare kacalla, ba ya dasa itace a kan tudu. Masu yin wannan su ne mutanen da ke kwana su tashi a wurin, kuma a cikinsu babu mai lokaci da alƙalami kamar ɗan ritaya.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga cewa murna da kiyaye ruwa suna tafiya tare. Bikin su na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya dogara ne a kan hani: ana tsare Matan Fada daga su har ranar biki, shi ya sa ake samun manyan kifayen da ake nunawa. Abin da Bafaranshe ke yi da ma'aunin santimita, Sarkin Ruwa ya daɗe yana yinsa da doka da kwarjini. Sabon abu kawai shi ne dattijo mai albashi ya shiga wannan tsari ta ƙofar ladabi, a matsayin baƙo mai biyan hakkin masauki.

Shekaru sun ja, bakin gari ya mutu. Yanzu in Mushe ya wuce da gorarsa, masu shago sukan ce, "A dawo lafiya, Mushe, a tuna da mu in an yi sa'a." Daraktan makarantar firamare yakan turo masa ƴan aji shida sau ɗaya a shekara, su zauna a inuwar dabino, dattijon masunta na nuna kaya yana faɗar suna, Mushe na rubutawa a ɗan allo. Yaran da ke jin kunyar a ce ubansu masunci ne sukan ga malamin Faransanci yana ce wa uban nasu Baba yana neman ƙarin bayani, kuma wannan darasi ne da babu shi a manhaja.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu, abin dubawa a nan a fili yake. Kowace shekara ana sallamar malamai a Damagaram da Maraɗi da Tawa, da yawansu da sauran ƙarfi, su koma garuruwan da ke da tabki ko fadama ko tsohuwar kasuwa ko marina da ke mutuwa. A Lasuri da Tabalak da Madarumfa akwai masunta tsofaffi da kalmomi a bakinsu waɗanda ba su shiga kowane ƙamus ba, kuma duk wanda aka binne a cikinsu an binne shi da nasa. Ƙungiyar da ke shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa ba za ta gaza sayen littafi da alƙalami ta haɗa tsoho mai sani da tsoho mai rubutu ba. Wanda kuma ya rage masa shekara 5 ya ajiye alli, ya kamata tun yanzu ya san bakin ruwan da zai zauna, da mutanen da zai nemi izininsu kafin ya jefa ƙugiya. Allah ya sa a gama aiki lafiya, ya kuma ba da tsufa mai amfani.